Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Koriyar Wayar Babur Ɗina

Hajiya Koriya, ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya a can ƙarƙashin tanki inda kika lafe. Ba zan yi miki ban-gajiya ba, domin har yau ban ga aikin da kika yi ba. Na zaɓi in rubuto miki a bainar jama'a ne saboda bayin Allah da yawa sun sha wahala a kan laifinki, kuma ya kamata a wanke su.

Kin san asalin babur ɗin nan, tunda da ke aka haɗa shi. Tsohon injin CG125 ne, irin wanda Honda ta fara ƙerawa a 1975 domin ƙasashen da ake wa babur lodin jaki ba a canja masa baƙin mai. Na sayo firam daban, na yanke masa wutsiya, na sauke kansa ƙasa, na sa kujerar mutum ɗaya, irin yadda samarin Landan suke yi wa nasu a shekarun 1960 suna tsere daga Ace Cafe. Maƙwabta sun ce babur ɗin da ba ya ɗaukar buhu ba babur ba ne. Ban kula su ba. Na kai firam aka fesa masa baƙin fenti mai sheƙi, shafi a kan shafi, na zauna na ja wayarin da hannuna.

Ranar tayarwa, yaran unguwa sun cika ƙofar gida. Na buga kik har ƙafata ta yi tsami. Ko tari bai yi ba.

Wanda ya fara shan tuhuma fulogi ne. Na kwance shi, na auna bakinsa, milimita 0.7 daidai, na jingina shi da kan inji na buga. Wani lokaci ya ba da ɗan tartsatsi ja mai kama da na mai jin barci, wani lokaci shiru. Na jefar da shi na sayo sabo. Sai kwayil, shi ma na sallame shi. Kafireto kuwa, da ba ruwansa da wuta ko kaɗan, sai da na farke cikinsa na wanke da fetur. Wanda ya fi ba ni tausayi batir ne. Mita ta nuna bolt 12.6, lafiyarsa lau, kuma a irin wannan injin ma akwatin CDI mai tura wa fulogi tartsatsi ba daga batir yake cin wuta ba, daga kwayil ɗin cikin magneto yake samu. Duk da haka na kai shi caji, don dai a ce an yi wani abu. Duk wannan kina kallo, ba ki ce uffan ba.

Bari in tuna miki aikinki, ko kin manta. Wuta ba ta tafiyar da babu dawowa. Jar waya ce ke fito da ita daga batir, baƙa ta karɓa bayan an murɗa makulli ta raba wa fitila da hon da sigina. Bayan ta gama aiki, ke ce hanyarta ta komawa gida, ke da ƙarfen firam da jikin inji. Kowa yana yabon jar waya don ita ke tartsatsi in ta taɓa ƙarfe. Ke ba kya tartsatsi, ba kya ƙona fis, shi ya sa ba mai zarginki, kuma da wannan kike fakewa.

Da inji ya ga dama ya tashi, sai aka shiga wani sabon babi. In taka birki, sigina ta haska. In kunna sigina ta hagu, fitilar baya ta riƙa lumshe ido tare da ita. Wani dattijo a layinmu ya ce a nemo mai ruƙiyya. Ashe ba aljanu ba ne, ke ce. Ƙwan fitilar baya zare biyu gare shi, mai wat 21 na birki da mai wat 5 na dare, kuma ƙofar fitarsu ɗaya. Da kika rufe ƙofar, sai wutar birki ta bi ta ɗaya zaren ta koma baya, ta shiga gidan maƙwabta tana neman mafita. An ce a babur mai sitata abin ya fi muni, don wutar kan bi ta wayar kuloci ko ta totur ta gasa ta. Allah ya rufa mini asiri nawa na kik ne.

Wani mai wayarin ne ya tona ki, yaro ƙarami da ban kai shi ko'ina ba. Bai kwance komai ba. Ya kunna fitila, ya ɗora baƙin tsinken mita a kan ƙafar batir ta nagetif, ya dangwala jan a inda aka ɗaure ki. Tsakanin wuraren nan biyu bai kamata a ga komai ba, in ya yi yawa ɗan abin da bai kai rabin bolt ba. Mita ta nuna abin da ya ninka haka. Ya ce, "Baba, miƙo samfefa." Ya kankare fentin da ke ƙarƙashin notinki har ƙarfe ya fito fari, ya sa washa mai haƙora, ya ɗaure, ya shafa giris. Bugu ɗaya inji ya tashi.

Na san abin da za ki ce: fenti ne ya shiga tsakaninki da firam, kuma ba ke kika fesa ba. Wannan magana ba ta karɓu ba. Fentin nan ya ci kuɗi, kuma duk wanda ya gani ya yaba.

Akwai kuma batun danginki, da ba ku iya haɗa baki ku yi anko ba. A gidan Honda koriya ce ke. A gidan Yamaha baƙa ce ke wannan aiki. A gidan Suzuki baƙa mai farin layi. Ita wannan baƙa mai farin layi kuwa, a gidan Honda ita ce mai kashe inji, da ta taɓa ƙarfe CDI ya ɗauke wuta. To ki dubi halin wanda ya tsinto makunni daga nan, fitila daga can, a Kofar Ruwa ko Panteka, ya zauna yana haɗa launi da launi da kyakkyawar niyya.

Ga sharuɗɗan zamanmu daga yau. Na ja miki waya mai kauri daga batir zuwa jikin inji, wata daga inji zuwa firam. Na ja wata har cikin kwanon fitilar gaba, don na daina yarda wuta ta bi ta boris ɗin wuya mai cike da giris. Kowane haɗi an sa masa dalma, an daina murɗawa a naɗe da salatif wanda zafin Afrilu ke narkarwa. Fis mai amfiya 10 yana nan kusa da batir, kuma na rantse ba zan maye gurbinsa da takardar kwalin taba ba, ko da zan tura babur daga Zariya. Abin da nake nema a wurinki shi ne, in za ki sake yajin aiki, ki yi shi a ƙofar gida da rana, ba a shataletale da magariba ba.

Sannan ki isar da saƙo ga ƙanwarki mai ruwan ganye-ganye, ta hon. Tun shekaranjiya, da na karya kan babur hagu sai hon ya ɗauki kuka ba wanda ya taɓa shi. Ina zargin ta goge a wuyan firam tana taɓa ƙarfe. Jiya a gaban gidan surukaina ya yi, suna zaune a waje.

Naki, ba don ya so ba,
Mai baƙin babur na ƙarshen layi