Yadda Ake Hana Tankin Kifi Mayar da Falo Tafki

 Ka sayo tankin gilashi mai tsawon santimita 150, faɗi 60, zurfi 60, ka girke shi a falo, baƙi na shigowa suna mance gaisuwa saboda kallon kifi. To ka sani lita 540 na ruwa ka ajiye daf da kafet ɗin uwargida, nauyin da ya haura rabin tan, kuma ruwa ba shi da wani buri a duniya illa ya gangara ƙasa.

Manyan tankuna sukan zo da ƙaramin tanki a ɓoye cikin kabad ɗin ƙasa, inda ake tace ruwa. Ruwa ya malalo daga sama ta bututu ɗaya, inji ya tura shi ya koma ta wani. Muddin da wuta, lafiya lau. Da zarar an ɗauke, bututun da ke kai ruwa sama sai ya rikiɗe ya zama mai zuƙowa. Wanda ya taɓa ganin ɗan bumburutu ya zura tiyo a tankin mota, ya tsotsa sau ɗaya, fetur ya yi ta bin kansa zuwa jarka, ya riga ya gane karatun. Sai dai a nan babu mai tsaye da zai zare tiyon. Ruwa zai yi ta sauka har sai bakin bututun ya shaƙi iska.

Ɗauko biro. A tanki mai wannan girma, duk santimita ɗaya da ruwa ya sauka lita 9 ce. In ka nutsar da bakin bututun santimita 10 don kada ƙarar ruwa ta hana ka jin labarai, lita 90 ke tafe. In gurbin da ya rage a tankin ƙasa na lita 40 ne, sauran 50 kafet zai shanye, ya sam wa maƙwabcin da ke ƙasan bene.

Saboda haka ka ɗago bakin bututun kusa da saman ruwa. Sannan ka huda masa ƙaramin rami, kamar milimita 3, ƙasa kaɗan da inda ruwa ke tsayawa. Ruwa na sauka ramin zai bayyana, iska ta kutsa, zuƙon ya katse. Ka yi ramin biyu, don gansakuka na son toshe shi, dodon koɗi kuma bai ga wurin kishingiɗa ba sai nan, a daidai daren da za a ɗauke wuta. Duk mako ka bi su da tsinken sakace.

Mai aikin famfo zai ce maka, "Ranka ya daɗe, a sa bawul mai hana ruwa komawa, magana ta ƙare." Ka sa, ba laifi, amma kada ka jingina gidanka a kansa. Ƙwayar yashi ɗaya ta maƙale a murfinsa ta isa ta bar shi a buɗe, kuma ba zai aiko maka da saƙo ba. Abin dogaro na gaskiya shi ne gurbi: tankin ƙasa ya iya haɗiye duk ruwan da zai dawo, har da na cikin bututu, ko da bawul da ramuka sun haɗa baki sun ci amanarka.

Akwai ambaliya ta biyu, ita daga sama take zuwa. Ganye ko mataccen kifi ya toshe magudana, wato bututun da ke saukar da ruwa, inji kuwa bai san an yi ba, ya ci gaba da turawa har ruwa ya tsallake gilashi. Maganinta magudanar ko-ta-kwana, wadda bakinta ya ɗan fi na farko tudu, tana zaune a bushe tana jira. Masu wannan sha'awa a Amurka suna kiran tsarin bututu biyu Herbie, mai uku kuma Bean Animal. Ka sa raga a bakin kowace. In sai an huda gilashi, a tabbatar ba gasasshe ba ne, irin mai tarwatsewa gaba ɗaya in an taɓa shi da abin huji, kuma sau da yawa gindin tanki da shi ake yi.

Ɗan injin iska ma, mai busa kumfa, siririn tiyonsa na iya zuƙo ruwa in an ɗauke wuta. Ɗora injin sama da tanki. Soket kuma ya bar ƙasa, waya ta lanƙwasa ƙasa kafin ta hau zuwa gare shi, don ɗigon ruwa ya faɗi a hanya.

Yanzu sai gwaji, gani ya kori ji. Da rana tsaka, kana sanye da silifas, bokiti a gefe, ka kashe injin da hannunka, ka tsuguna gaban kabad har ruwa ya daina hawa. Ka toshe ramukan nan da yatsa ko salatif ka sake, don ka ga mafi munin abin da zai iya faruwa. In bai zuba ba, kunna inji, ka jira ruwa ya daidaita, ka ja layi da maka a jikin tankin ƙasa. Ka nuna wa yara da mai aiki da duk mai tausayin kifi a gidan: kowa zai ƙara ruwa, kada ya wuce wannan layin.