'Yan Tashe a Sutudiyo

Abokan tashe na Kuberi, waɗanda suka sha hana unguwa barci da gwangwani a watan azumi, sun haɗu bayan furfura, wai sai sun naɗi waƙa. Dillalin albasar Aliero ne ya biya mota har Kano, don haka shi ke ba da waƙa, masu murya suna amshi.

Yaron sutudiyo ya dubi kalangun da suka rungumo tun daga tashar Jega, ya ce, "Baba, a bar shi waje, akwai shi cikin fiyano."

Da kwamfuta ta goge muryoyin, kowa ya rantse tasa ce mai zaƙin. Makaɗin kuwa gadin takalma ya wuni yi.