Zuwa Ga Taubashina, Sabon Gwanin Faɗa Na Dukku

Taubashi, ubangidanka na gaishe ka. Labari ya iso mini cewa ka tara samari a bayan gari kana koya musu wani sabon faɗa da ka ce kai ka ƙirƙiro: rabi dambe, rabi kokawa, da ɗan shurin da ka gani a wayar ƙaninka. Har an ce kana cigiyar mai kalangu da zai yi maka take. Kai da ko ragon layya sai an taya ka kayarwa!

Zauna in karantar da kai, tun kafin yaran mutane su kakkarye. Dambe da kokawa kowanne da tsayuwarsa. Ɗan dambe yakan juya gefe, ya ware ƙafa, ya miƙa hannun kariya gaba yana auna abokin karawa, hannun da aka naɗe da ƙyalle da zare kuwa yana can baya yana jiran kafa. Ɗan kokawa sunkuyawa yake yi, kai a gaba, hannu biyu a buɗe suna neman ƙugu ko cinya. To ka sunkuya a gaban ɗan dambe, ai ka kai masa haɓarka har gida. Ka naɗe hannu ka shiga kokawa, da me za ka riƙe mutum? Wannan lissafin ne ba ka yi ba, don tun muna yara lissafi bai taɓa zama abokinka ba.

Ba kai ka fara tunanin gauraya ba. Mutanen Senegal sun daɗe suna kokawar da ake haɗawa da naushi, kuma ka lura, hannu tsirara suke shiga, don hannun da ya yi duka shi ne zai yi kamu. Daga cikinsu Oumar Kane, wanda ake kira Reug Reug, ya fita ya shiga faɗan keji, har ya ci kambun masu nauyi na gasar ONE a 2024. Kafin nan sai da ya sha gumurzu a filayen Dakar, ba a bakin shagon mai shayi ya koya ba.

Shi kansa faɗan kejin da kake kallo, tushensa gardama ce irin tamu: wane salo ya fi? A 1993 aka tara gwanaye a birnin Denver na Amurka, a gasar UFC ta farko. Wani ɗan damben zamani, Art Jimmerson, ya shigo da safar dambe a hannu ɗaya tak, sai ka ce ɗan Guramada. Royce Gracie na Brazil, siriri da shi, ya kai shi ƙasa ya haye kansa, mutumin ya sallama ba tare da ya sauke naushin kirki ko ɗaya ba. Salon gidan Gracie ma gado ne daga wani Bajapane, Mitsuyo Maeda, wanda ya isa Brazil a 1914. Suka ɗauki kokawarsa suka ƙware a shaƙa da murɗe gaɓa a ƙasa. Daga ranar gasar Denver masu naushi suka koma koyon yadda za su hana a kayar da su, masu kokawa suka koma koyon kare fuska. Kaye ne ya haifi gaurayen, ba surutu ba.

Nan kuma ga wani ƙullin da ban san yadda za ka kwance ba. A dambenmu turmi uku ne, hannu ko gwiwa ya taɓa ƙasa an yi kisa, sai kiɗa ya tashi. A kokawa ma faɗuwa ita ce ƙarshen zance. A keji kuwa, a ƙasa ake buɗe sabon babi. Wace doka ɗalibanka za su bi? Ko da yake na san wadda za ka zaɓa: wadda za ta bar ka ka daɗe a kwance.

Dubi Kamaru Usman, haifaffen Auchi. Kokawa ya fara ƙwarewa a kai har ya zama zakaran jami'o'i a rukuninsa a Amurka a 2010, sannan ya ɗora naushi a bisa, ya karɓe kambu daga Tyron Woodley a 2019. Duk da haka a 2022 shuri ɗaya na Leon Edwards, saura minti guda a tashi, ya kwantar da shi. Wanda ya iya abu biyu ma na uku ya ci shi, balle kai da kake fate-fate ba tsaki ba ganye.

Abin haushin, ba ka rasa malamai ba. Kana zaune cikin Dukawa, ga Dakarkarin Zuru maƙwabta, mutanen da kokawa ke cikin jininsu. Ka tsallaka Nijar, tun 1975 ake kokawar takobi, inda Issaka Issaka na Dosso ya yi ta ɗauka. A dambe kuwa, Shago bai sami waƙar Ɗan Anace don ya iya salo goma ba. Hannu ɗaya ya riƙe har ya zama abin tsoro.

Saboda haka ga hukuncina. Kaka na zuwa. Ka zaɓi ɗaya, ka shiga fili, ka yarda yaro ɗan shekara goma sha biyar ya kayar da kai a gaban surukanka, ka tashi ka tambaye shi yadda ya yi. In ka jure wannan kaka uku, zan saya maka zaren ɗaurin hannu da kuɗina. Kafin nan ka aiko mini da kuɗin sharata na bana, tun hannun naka yana iya shiga aljihu.