Bayani Gamsasshe a Kan Haƙƙin Farantin Sola a Kan Ɗan'uwansa

Ka sani, ya kai mai neman sani, duk wata halitta da ke tsakanin Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi inuwa take nema. Akuya na bin gindin katanga, ɗan acaɓa na bin dogon yaro, mai jiran jirgi a tashar Ƙaura, inda dogo ya iso a 1929, shi ma ya daɗe da kama tasa. Farantin sola ne kaɗai ya saɓa wa jama'a. Abin da kowa ke kira rahama, a wurinsa ciwo ne.

Masana sun kasa inuwa gida uku. Akwai mai saiwa, wato bishiya da tankin ruwa da benen maƙwabci. Akwai mai zuwa da ƙafarta, wato zabuwa da tantabara da zanen da uwargida ta shanya "na minti biyar kacal". Ta uku ita ce inuwar ɗan'uwa, wadda sahun gaba ke jefa wa sahun baya. A kanta wannan bayani ya tsaya, domin naka shi ke ba da kai.

Ga yadda cutar take. Faranti na ɗauke da ƙwayoyi 60 ko 72, an jera su a waya ɗaya kamar raƙuman Azbinawa a igiya guda. Idan raƙumi ɗaya ya durƙusa, ayari ya tsaya. Maƙera sun tausaya, suka yanke ɓarauniyar hanya uku a cikin kowane faranti, mai suna diyod, don wuta ta kewaye wurin da aka rufe. Duk da haka, inuwa mai faɗin tafin hannu tana iya cinye sulusin wutarsa. Daga nan sai batir ya kwana da yunwa, fanka ta tsaya ƙarfe biyun dare, maigida ya tashi yana tsine wa mai shago, alhali mai laifin yana bisa kwano yana shan iska.

Sai hisabi. Ƙaura na kusan digiri 12 da rabi arewa da tsakiyar duniya, Shinkafi na kan 13. Don haka faranti kudu yake fuskanta, a jingine kaɗan, kamar digiri 15. Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana kan bi ta arewa da kanmu, kowane sahu ya zauna lafiya da na bayansa. Wanda ya yi awo a wannan lokaci ya auna halin mutum ranar salla ne. Ranar gaskiya ita ce 21 ga Disamba, tsakiyar hunturu, lokacin da rana ta fi karkata kudu. Da tsakar ranar nan takan tsaya a digiri 54, inuwa ta kai kusan kashi uku cikin huɗu na tsayin abu. Da hantsi, da kuma gab da la'asar, abin da ke faɗa wa sahun baya yakan kai tsayin abin cif. Ba baƙon ilimi ba ne: da tsawon inuwa kakanninmu suke gane shigar la'asar tun ba a san agogo ba.

Misali, faranti mai tsawon mita 2 da aka jingina a digiri 15 yana ɗaga kai kusan rabin mita. To, rabin mita za a bari tsakaninsa da na baya, wato kamu ɗaya da 'yan yatsu. Mutumin Landan, da ranarsa ta Disamba ba ta wuce digiri 15, sai ya bar kusan ninki huɗu don tsakar rana kawai. A nan Allah Ya yi mana rangwame, amma har yanzu akwai mai matse faranti kamar fasinjojin motar kasuwar Shinkafi, wai kada fili ya tafi a banza.

Hukuncin da aka yanke shi ne: auna tsayin sahun gaba, ka bar gwargwadonsa a bayansa, ka ƙara taƙi ɗaya don mai goge ƙurar hunturu ya sami wurin taka ƙafa. Batun zabuwa kuwa, malamai sun bar shi a hannun yaran gida.