Ranar da na wasa surukin abokina da Turanci

Ana saura kwana uku biki abokina ya kira ni, wai ni zan yi jawabin abokan ango a wurin dina. Ya ja mini kunne cewa uban amarya tsohon malamin jami'a ne, a Ingila ya yi karatu, don haka kada in ba da mu. Ni kuwa a lokacin ba ni da aiki sai kallon bidiyon Patrick Obahiagbon, tsohon ɗan majalisar wakilan nan daga jihar Edo, wanda in ya buɗe baki sai 'yan jarida su bazama neman ƙamus. Na ce abin da ɗan Edo ya yi, ɗan Kano ma zai iya.

Na rubuta kalmar "grand" a waya, na nemi 'yan uwanta. Suka zubo. Na shiga tsinta kamar mai zaɓen tumatir a kasuwar Yankaba, duk wadda ta fi girma ita ce tawa. Ma'ana kuwa, ai tunda gidansu ɗaya da girma, magana ta ƙare.

Ranar Asabar na sha shadda mai sitaci, na kafa zanna bukar, na ɗora tabarau alhali idona garau yake. Da aka miƙo mini makirufo, na gyara murya, na sanar wa duniya cewa kaf Kano babu dattijo "pompous" irin Baba, uban amarya. Na ce gidansa "ostentatious" ne, jawabinsa "bombastic", amarya kuma "pretentious" ce, gado ta yi wajen mahaifiyarta.

Ɓangaren ango ya ɓarke da tafi. Wata gwaggo ta rangaɗa guɗa, har da liƙa mini ɗari biyar a goshi. Babban tebur ne kawai ya yi tsit. Yayar amarya, wadda lauya ce, ta ajiye cokali a hankali tana kallona.

Bayan an tashi Baba ya yafito ni. "Zo nan, ɗana. Wa ya koya maka Turanci?"

"Ƙoƙarin kai ne, Baba," na ce, ina sunkuyar da kai irin na mai jiran yabo.

"Ga alama." Ya ja mini kujera, na ga idonsa yana ƙyalli, malami ya samu ɗalibi bayan shekaru da ritaya. Ya ce "pompous" shi ne mai hura hanci, mai jin babu kamarsa. "Ostentatious" mai baje arziki don a gani a faɗa. "Pretentious" kuma mai iyayi da fankama, wanda ke nuna ya kai inda bai kai ba. A kan "bombastic" ya fi daɗewa, don a nan daɗin yake: asalinta auduga ce da mutanen Ingila ke cusawa cikin tufafi a ƙarni na 16 don su cika ido, daga baya aka laƙaba wa maganar da ta kumbura ba komai a ciki. Yana faɗa yana shafa hannun rigata, sitaci na ƙara.

"Ɗaya ka manta," in ji shi. "Ba ka ce mini 'snob' ba. Da can mai gyaran takalmi ake nufi, yanzu mai raina na ƙasa da shi. Thackeray ya yi littafi guda a kansu a 1848. Zan ara maka."

Na ce na gode, Baba, Allah ya ƙara girma. Da Hausa na faɗa.

Shi dai dariya ya yi ta yi. Hajiya, uwar amarya, ce ba a fassara mata nata kason ba sai washegari, kuma lauyar nan ce ta yi fassarar, ba ta rage ko wasali ba. Har yau in na gaida Hajiya, sai ta amsa wa bango. Da aka zo sunan ɗan fari na ango da amarya, rabon ruwan leda aka ba ni.