Bazazzagi Ya Sayi Baka, Saura Inda Kibiya Za Ta Faɗi

Bazazzagi, labarinka ya iso mana Kwanar Dangora tun kafin ka gama ɓoye shi, don direbobin Unguwa Uku ba sa riƙe sirri. An ce tun da ka cinye fim ɗin Ertugrul daga farko har ƙarshe barci ya ƙaurace maka, sai da ka yi odar baka daga waje. Ba irin na maharbanmu ba, na zamani, mai sukurori da ɗan ƙarfen saiti da wata doguwar sanda a gaba da har yau ba ka san aikinta ba. Madalla, Allah ya sanya alheri. Abin da ya rage, in ji masu kawo labari, shi ne kana ta zagaye birnin Kano da akwati a hannu kana neman inda za ka ɗana kibiya, ka rasa. Mun karɓe ka baƙo a garinmu, mun ba ka ɗakin haya da gurasa, yanzu kuma filin yaƙi kake so.

Na san ka da son lissafi, ku mutanen Samaru, to bari mu yi. A gasar Olamfik tazarar da ke tsakanin maharbi da allon da yake auna mita 70 ce, faɗin allon santimita 122, ɗan da'irar tsakiya mai maki goma kuwa bai kai faɗin faranti ba, santimita 12 da ɗoriya. Masu shirya gasa ba sa tsayawa nan, suna son a bar kamar mita 50 a bayan allon babu kowa, saboda kibiyar da ta kuskure. Ka ga mita 120 ke nan, ya zarce tsawon filin ƙwallo. A unguwar da kake haya, ta awon igiya, fuloti ƙafa 50 ne, wato mita 15 da 'yan kai. Sai ka jera fuloti takwas babu gini a kai, babu mai shanya, babu akuya, kafin ka saki kibiya ɗaya da kwanciyar rai. Je ka tambayi dillalan filaye kuɗin fuloti takwas a jere, sannan ka dawo mu ji ko har yanzu kana son zama Baturke mai baka.

Kuma kai waɗancan mita 70 kake ta hange, alhali mita 50 na baya su ne maganar. Ƙwararre allo yake bukata. Ɗan koyo irinka bayan allo yake bukata, don can kibiyoyinsa za su riƙa sauka. Kibiyar irin bakan da ka saya tana tashi da gudun da ya kai kilomita 200 a awa, kuma ba ta san darajar maƙwabci ba. Shi ya sa da na ji wai ka fara gwadawa a tsakar gida, tsakanin igiyar shanya da tankin ruwan mai gida, na yi maka addu'a, na yi wa tankin.

An ce ka leƙa filin makarantar unguwa, ka tarar ƙungiyoyin ƙwallo uku suna rabon sa da awa, masu koyon mota suna kewaya gefe, masu biki sun kafa rumfa a ɗaya kusurwar. An ce ka yi tunanin hawa Dala. Hau mana, ka duba ƙasa: gabas gida, yamma gida, kudu da arewa rufin kwano har inda ido ya tsaya. Badala kuwa, wadda aka fara ginawa tun zamanin Sarki Gijimasu, wajen shekara 900 da suka wuce, a kanta 'yan baka suke tsayawa su tare mahara, kuma a wancan zamanin har cikin ganuwa akwai gonaki da fili fetal. Yau abin da ya rage nata katangun mutane sun jingina da shi ciki da waje. Kududdufan ma da a da ake cewa ba su da amfani an cike su an yi shaguna. Ba wanda ya kori baka daga birni, fili ne ya yi tsada. 'Yan baka sai dai ka gan su ranar hawan sallah cikin tawagar Sarki, kwari a rataye, ba mai sakin kibiya.

Ga kuma wata da ba ka hango ba. Ka shiga adaidaita sahu da kibiyoyi goma sha biyu a hammata, a garin da ake fama da faɗan daba, sannan jami'in tsaro ya tsayar da ku ka fara yi masa bayanin wasannin motsa jiki da wannan doguwar Hausar taku ta Zariya. Zan so in ga wannan zama.

Don kada ka ce Kano ce kawai, garin mutanen da suka ruɗe ka ma haka ta faru. Bayan da Sarki Muhammadul Fatih ya ci Istanbul a 1453, an keɓe wa maharba wani babban fili, Okmeydani, aka yi waƙafinsa, har ana kafa duwatsu a inda kibiyar gwanaye ta faɗi don a riƙa tunawa. Da birni ya bunƙasa gidaje suka cinye shi, wasu duwatsun suka koma tsakanin gine-gine. Sai a shekarun baya-bayan nan aka sake gina zauren maharban da ɗan filin koyo a wani yanki nasa. Turkiyya ta ci zinarenta na farko a harbin kibiya a gasar Tokyo ta 2021, ta hannun Mete Gazoz. In waƙafin sarki bai tsira daga masu gini ba, ina ga filin makarantar unguwarku?

Wanda ya kamata ka yi koyi da shi yana nan kusa, a Chadi. Israel Madaye ya je gasar Paris a 2024, ƙuri'a ta haɗa shi da Kim Woo-jin na Koriya ta Kudu, ƙasar da matanta suka ci zinaren ƙungiya sau goma a jere tun daga 1988. An cinye shi, har wata kibiyarsa ta ci maki ɗaya tak, amma Koriyawa da kansu suka yi ta yaba masa, don jaridu sun ba da labarin cewa rashin fili ya sa a maƙabarta ya riƙa yin atisaye. Ya gane abin da nake gaya maka, ya nemi inda babu mai gilmawa a bayan allo. Sai dai kada ka kuskura ka kwaikwaye shi a nan. Ranar da dattawan unguwa suka gan ka a maƙabarta da kwari da baka, ba ni da bakin da zan cece ka, kuma ba zan ce na san ka ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yaushe Bazazzagi ya fara sha'awar kibiya. Na san za ka buɗe littafi ka kawo mini maharba hamsin na ranar Uhudu, da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, da yadda 'yan bakan Shehu suka karya dawakin Gobir a Tafkin Kwatto a 1804. Duk na yarda, karatu naku ne. Amma bari in karanta maka naka shafin. A 1902 Turawa suka zauna a Zariya ba a saki kibiya ko ɗaya ba, don Sarkinku Kwasau, Allah ya jiƙansa, shi ya nemi su taimaka masa a kan Nagwamatse na Kwantagora. Daga garinku Kanar Morland ya taso a ƙarshen Janairun 1903, ya ratso ta wannan ƙasa tamu, kuma wurin farko da aka rufe masa ƙofa shi ne Bebeji, nan maƙwabtanmu. Igwa ce ta fasa ƙofar, Sarkin garin ya rasu a wurin, ranar 3 ga Fabrairu kuma suka shiga Kano. Kibiya ba ta iya da igwa ba, wannan gaskiya ne. Amma mu dai mun rufe ƙofa, ku kuwa kun shimfiɗa tabarma. In ka ce in koma baya, Tarihin Kano yana nan da labarin yadda Sarki Kanajeji, wanda ya kawo lifidi da sulke, ya gama da ku. Za ka ce Sarauniya Amina. Kullum ita ce mafakarku. Mazan ina suka shiga?

To duk da haka bawa ba ya rasa gata wurin ubangidansa. Zo Kwanar Dangora. Kusan rabin hanyar gidanku ce, in abin ya ƙi sai ka zarce Tashar Yari ka kama gabanka.

Sai dai ka cire wannan tunanin na 'yan birni cewa ƙauye daji ne da ba mai shi. Daga saukar damina har kaka babu taku ɗaya da ba shuka: masara da shinkafa ta wajen Tudun Wada da Doguwa, dawa da rake ta wajen Kiru. Da rani bakin Tiga, dam ɗin da aka kammala a 1974 zamanin Audu Bako, cike yake da masu tumatir da albasa, ruwan kuma da masunta. Gonakin tudu suna sararawa bayan an kwashe dawa, amma lokacin ne garken shanu ke shiga cin kara. Ka harbi saniyar Bafulatani ka gani. Albashinka na wata shida ba zai kashe maganar ba, kuma shi ba abokin wasanka ba ne balle ya yafe.

Na san idonka yana kan Falgore, don ka saba ganinsa ta tagar mota in za ka Jos daga Kano. Daji ne ba wasa ba, kusan murabba'in kilomita 1,000, ya taɓa Tudun Wada da Doguwa da Sumaila. Amma gandun namun daji ne na gwamnati, farauta haramun ce a ciki, kuma tun 2017 sojoji suka mai da wani sashe nasa wurin atisaye bayan ɓarayin shanu sun addabi yankin. Su ma harbi suke koyo a can, sai dai nasu ba da kyauro ba. Ka shiga da bakanka mai sukurori, kowane ɓangare ka fara haɗuwa da shi ba zai tsaya jin tarihin Ertugrul ba. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne.

Wurin da ya dace da kai ramin burji ne. Duk inda aka yi titi a ƙasar nan 'yan kwangila sun bar irinsu a gefe, masu zurfi, da bangon jar ƙasa da ya fi tsayin mutum. Da damina ruwa ne a ciki, da rani kuwa sun bushe. Ka jingina buhun buntun shinkafa a jikin bangon, ka ja baya taku goma, ba saba'in ba. Duk kibiyar da ta kuskure buhu bango zai kama ta, ba sai ka je wa uwar wani ta'aziyya ba. Da sassafe za ka fara, kafin iskar hunturu ta tashi. Kuma kafin nan za mu je mu gaida mai unguwa, mu je wa Sarkin Baka da goro, don a nan ba a ɗaukar kwari a ƙasar mutum ba da saninsa ba. Wannan gaisuwar ita ce filin da kake nema. Fili yana nan, amma ko'ina da mai shi, kuma ba a samun sa da taswirar waya, sai da durƙuso.

In ka yi ladabi, cikin tsofaffin maharba wani zai duba maka riƙo. Kada ka ji haushi in ya yi wa mita 70 ɗinka dariya. Shi ba ya harbi daga nesa. Gwanintarsa ita ce ya karanta iska, ya yi sanɗa har ya matso kusa da nama, sannan ya saki kibiyar kyauro marar gashi, mai kunne, wadda a da ake shafa wa dafin kwankwani ya ƙarasa aikin. Tun yana yaro ya koya a bayan gari, a ƙarƙashin idon babba, kuma darasin farko shi ne ba a ɗana kibiya ana fuskantar mutum ko da wasa. Kai a bidiyo ka koya, bidiyo kuwa ba ya make hannun yaro in ya juya baka ta inda bai kamata ba. Za a make naka, na riga na yi magana.

In kuma ka ce lallai sai a birni, akwai hanya, ko da yake ba kai za ka gane ta ba. Gasar cikin ɗaki mita 18 ce kacal, ƙafa 60 ba kaɗan. Sharaɗa da Bompai da Challawa cike suke da rumbunan masana'antun da suka daina aiki, dogaye, bango ta ko'ina, ƙofa ɗaya. Mutum goma masu irin ciwonka su haɗa kuɗi su kama ɗaya, su jera buhuna, shi ke nan an samu makaranta. Amma na san yadda za ta kasance. Kai za ka rubuta takarda mai shafi ashirin a kan muhimmancin abin, ka kafa kwamiti, ka nemi shugabanci. Kafin ka gama gyaran rubutu wani Bakano ya karɓi mukulli, ya sa yaro a bakin ƙofa da rasit, kai da ka kawo shawara kana biyan kuɗin shiga.

Saboda haka ranar da ka shirya, ka naɗe kibiyoyin a tabarma kada ka firgita fasinja, ka hau mota a Unguwa Uku, ka wuce Kura da Ciromawa, ka ce a sauke ka a kwana. Za a dama maka fate don kada ka yi kewar gida. Buhun buntu kyauta ne, goron Sarkin Baka kai za ka saya. Kuɗin sharata na watan cika-ciki kuwa, na bara da na bana, ka haɗo su a ambulan guda, don sai na ƙirga su cif kafin in nuna maka hanyar ramin.