Mummunan Wasan Da Ya Ƙi Mutuwa

Na san tun daga jin kalmar wasan kwamfuta wasunku sun taɓe baki. Alhaji na can yana gyara zaman tabarau yana cewa, "Babba da shi, gemu har ƙirji, ya rasa abin rubutu sai wasan yara." Allah ya huci zuciyarka, Alhaji. Kai da kake kwana kan ludo a waya, kana ɓoye ta ƙarƙashin babbar riga in yara sun shigo, ba da kai zan fara ba. Da samarin gidan gem zan fara, waɗanda in ba su ga gumi na tsattsafowa a goshin ɗan ƙwallo a allo ba, sai su ce ba a yi wasa ba.

Ku matso, samari, in nuna muku Avernum. Ga ɗan mutum kamar ƙwayar wake, tsaye ƙiƙam, riƙe da abin da aka ce takobi ne. Ga wasu uku a bayansa. Ka danna, ya taka ɗaya, ya kai sara, ya tsaya cak yana jiran abokin gaba shi ma ya rama, bi da bi. Babu mai magana da murya. Duk abin da za a faɗa maka a rubuce yake, sakin layi bayan sakin layi, da Turanci. Na ji ku, na ji dariyar. Ku gama tukuna.

Wani Ba'amurke ne ya ƙirƙiro shi, Jeff Vogel. Yana karatun babban digiri a fannin lissafi, abin ya ishe shi, ya koma rubuta wasa don ya samu sararin kai. A 1995 ya fitar da shi da sunan Exile, ya watsar da karatun, ya riƙe ɗan kamfaninsa Spiderweb Software, wanda ke birnin Siyatil, shi da matarsa da 'yan masu taya su aiki. A lokacin, kyauta ake ba ka kashin farko na wasan. Kana cikin tafiya, daɗi ya fara ratsa ka, sai wani aljani ya tare hanya ya ce ba ka wucewa sai ka biya. Ka tura kuɗi, a aiko maka da lambar buɗewa. Manyan kamfanoni masu ma'aikata ɗaruruwa sun taso sun rushe a tsakanin nan, shi kuwa yana nan da 'yan mutanensa masu kama da wake.

Labarin shi ne abin da ya riƙe mutane. Wata daula ce ta mamaye duniya, sarkinta Hawthorne ba ya son gardama. Duk wanda ya yi tsaurin ido, ko ya zama daban da jama'a, sai a tura shi ta wata ƙofar tsafi zuwa kogunan ƙarƙashin ƙasa, ba dawowa. Kai ma a nan ka tsinci kanka. Babu rana, babu wata, sai wani kore-koren haske daga gansakukar da ke manne a rufin kogo. Abinci naman kaza ne, safe da yamma. Ƙarfe ya yi tsada, har makamin dutse sai ka yi godiya in ka samu. Waɗanda aka jefo kafin kai sun gina garuruwa, sun naɗa sarki, suna fama da mutanen kyanwa da ake kira Nephilim da mutanen ƙadangare da ake kira Slith. Daga nan zaɓi naka ne: ka nemi hanyar fita, ko ka je ka kashe sarkin aljanu Grah-Hoth, ko ka haura ka ɗauki fansa a kan sarkin da ya jefo ka. Duk wanda ya taso yana karanta Iliya Ɗan Maiƙarfi, ko ya taɓa hayar littafin yaƙi ya ɓoye shi cikin littafin makaranta, bai da bakin yi mini dariya a nan. Bambancin kawai, a wannan karon kai ne jarumin, kuma in ka yi wauta kai za a binne.

Akwai ma wani kogo na manyan gizo-gizo masu magana. Ka shiga da takobi a zare, gabanka na faɗuwa, sai ka tarar masu fara'a ne, surutu kamar an kunna rediyo, kowannensu sunansa Gizo-gizo, kuma wai kai ne kake burge su da kyau. Masu buga wasan sun fi shekara ashirin suna ba juna labarin wannan wuri.

To, me 'yan wasan ke cewa? A nan zolayar ta fi daɗi, don masoyansa sun fi ku iya zaginsa. Na farko, kowa ya yarda mummuna ne. Shi kansa mai shi bai musa ba. A 2019 ya rubuta doguwar maƙala yana bayanin dalilin da ya sa wasanninsa ba su da kyan gani. Hujjarsa ta kuɗi ce zalla: zane mai kyau na buƙatar ma'aikata da yawa, ma'aikata na buƙatar ciniki mai yawa, kuma wasa ɗaya in ya faɗi, kamfanin ya tafi. Masu ƙorafi suka yi ca a kansa, wasu suka ce ko da kuɗi kaɗan ana iya haɗa launi ya dace. A wannan gaɓar, ni ina bayansu. Akwai inda rowa ce, ba talauci ba.

Na biyu, ɗumame. Exile ya fito a 1995. A 2000 aka sake dafa shi da sunan Avernum. A 2011 aka kuma ɗora tukunyar a wuta, labari ɗaya, koguna ɗaya, karo na uku. Ci gabansa ma an ɗumama su: kashi na biyu ya sake fitowa a 2015, na ukun a 2018. Tsofaffin hannu suka ce an cuce su: a Exile mutum shida kake tafiya da su, yanzu huɗu, tsafe-tsafen da ake jifa da su sun ragu, a da kai kake buga kalmar da za ka tambayi mutum, yanzu an jero maka ka zaɓa. Sabbin shiga kuma suka ce Allah ya raka taki gona, wa zai zauna yana lalube a tsohon allo mai wahalar sha'ani? Abin dariyar, mai kukan an rage masa mutum biyu shi ne na farko a layin saye. Ya saya, ya buga awa hamsin, ya dawo ya ce bai kai na da ba. Na gaba ya fito, ya sake saye.

Ƙorafin da na fi ɗauka da gaske shi ne yawan faɗan banza. Ka kashe ɓeraye, ka kashe jemagu, ka kashe 'yan fashi goma masu kama ɗaya kafin ka isa inda labari yake. Tsakiyar wasan na iya ja kamar ba zai ƙare ba. Ƙarar sara da ta buɗe ƙofa ma, wanda ya buga ɗaya ya ji ta sauran.

Wasu kuma sun ce ku bar Avernum, Geneforge ne gwanin gidan. Wannan ya fara a 2001, ya kai kashi biyar. A can kai mai ƙera halittu ne da tsafi, kuma bayin da aka ƙera sun fara tambayar dalilin da zai sa su yi biyayya. Ɓangare uku ne a tsibirin da ake buga kashin farko, masu biyayya, masu neman a zauna daidai, da masu neman jini, kuma babu wanda hannunsa yake da tsabta. Har yau ana musu kan wa ya fi gaskiya.

Saura kai, ɗan samari mai cewa kwamfutarka ba ta ɗaukar manyan wasanni. Wannan uzurin bai karɓu ba a nan. Tsohuwar kwamfutar da yayanka ya gama makaranta da ita za ta ja shi ba tare da fankarta ta yi kuka ba, ba ya cin data in ka sauke shi, kuma ana adana inda aka tsaya kafin a ɗauke wuta. Abin da zai kayar da kai ɗaya ne, karatu. In sakin layi uku na sa ka hamma, ka koma wa ƙwallonka, ba mu yi faɗa ba.

Har yanzu kamfanin na bayar da ɗanɗano kyauta, mai tsawon da zai cinye maka yini. Ku sauke, ku sa shi a mataki mai sauƙi, kada girman kai ya kai ku mafi wuya. Alhaji, kai ma an yafe maka, ba sai ka ɓoye a riga ba.